Ƙaron Tsauni

Faransa, 7 ga Nuwamba 2021

Zuwa ga Kawu Illa, Matamaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Ladi da mutanen gida duka. Yaya ƙafar nan taka? Ni lafiyata lau, sai sanyin garin nan da ya hana ni sakat.

Na san za ka ce wace Najahar. Ni ce ɗiyar marigayiya Ummu Salma, wadda kuke kaka ɗaya, Malam Isma'ila na Tsauni. Rabonmu da juna tun sadakar arba'in ɗinta. Na kira wayar Inna Ladi, ta ce mini kai ba ka maganar kirki ta waya sai a rubuce, tunda shekara ashirin ka yi kana koya wa manya karatun Hausa. To ga shi na rubuta, na ɗauki hotonta na turo.

Kawu, alfarma nake nema. Ina shekara ta biyu a karatun dokta, kuma kullum a ɗakin awo nake wuni, wanda muke ce wa labo. Ga aikin nawa. Nakan narka abu a ruwa, in zuba a 'yar kwalba, in sa ta a tsakiyar wani ƙaton maganaɗisu, wani lokaci kuma tsakanin faranti biyu masu ɗauke da kuran, wato wutar lantarki. Ƙwayoyin da ke cikin ruwan, waɗanda ido ba ya gani, a warwatse suke, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Da an kunna sai su juya su fuskanci wuri ɗaya kamar masu sahun salla. In na ratsa haske ta cikinsu a lokacin, sai ya rabu biyu, ɗaya ya riga ɗaya fita. Wannan 'yar tazarar nake aunawa, ita ke gaya mini tsawon ƙwayar da siffarta.

Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya yarda in yi aikin a kan ƙaro. Ina son na itatuwan kakanmu na Tsauni, ko da rabin tiya ne. Don Allah kada a wanke, kada a daka, kada a haɗa shi da komai.

Ɗiyarka,
Najaha

*

Matamaye, 22 ga Nuwamba 2021

Zuwa ga Najaha.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Ladi ta riƙe mini wayar na karanta har sau uku. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta shekara bakwai da suka wuce, tunda sai yau kika tuna da ita.

Bayaninki na gane shi, kada ki ɗauka ban gane ba. Ruwa, haske, maganaɗisu, duk na ji. Abin da ban gane ba shi ne, ƙaro ya ƙare a Faransa ne? Wanda muke gani ana lodawa a manyan motoci, ina yake zuwa in ba can ba? Me ya sa sai na Tsauni, kuma sai na itatuwan Malam Isma'ila? Tsakaninki da Allah, wa ya fara ambatar Tsauni, ke ko Baturen naki? Mutum ba ya shekara bakwai shiru sannan ya tashi da neman ƙaro haka kawai.

Duk da haka ɗiyar Ummu Salma ce ke, ba zan hana ki ba. Ranar Laraba na hau kabu-kabu da wannan ƙafar tawa har Tsauni, na ciro shi da hannuna daga itatuwa shida na bakin fadama. Ban wanke ba, ban daka ba. Na shirya shi yadda ake shirya abin da zai je hannun ɗiya a ƙasar da ba ta da kowa. Alhaji Cha'ibu zai shiga Damagaram jibi, shi zai sa miki a laposti, gidan waya ke nan.

Ladi ta ce in tambaye ki ko kina samun abinci mai zafi. Ni kuma ina cewa ki buɗe ido. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta har ƙasa ba.

Kawunki,
Illa

*

Faransa, 20 ga Fabrairu 2022

Kawu Illa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina fatan kowa lafiya. Ka yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Saƙo ya iso tun Disamba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Kawu, albishirinka! Da na gwada ƙaronmu da kuran, abin da kowane ƙaro yake yi shi ya yi. Amma ina kunna maganaɗisu sai lambar ta yi tsalle, ta ninka ta ƙaron kanti sau ɗari da wani abu. Na ce na'urar ce ta lalace. Na wanke kwalba, na tace ruwan, na sake. Sau goma sha ɗaya ina sakewa, amsa ɗaya. Anisa, wata 'yar Tunisiya da muke tebur ɗaya, ta tsaya a kaina tana kallon lambar. Farfesa da ya zo ya gani sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ba a taɓa ganin ƙaro ya bi maganaɗisu haka ba. Makon jiya ya faɗa a gaban taron masana, kuma da sunana ya faɗa. Wallahi sai da na yi hawaye, na ce ina ma mahaifiyata tana raye.

Ƙaron namu ya ɗan fi na kanti duhu, Farfesa yana zaton ƙasar wurin ce ta sa. Shi ya sa muke son ƙari, daga itatuwa shidan nan dai. Kuma don Allah a tsaya da wayar Inna Ladi a gindin kowace itaciya, a turo mini alamar wurin, don mu sa a taswira.

Ɗiyarka mai godiya,
Najaha

*

Matamaye, 3 ga Maris 2022

Najaha,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, zafi ya fara shigowa.

Ai na faɗa wa Ladi tun ranar farko. Na ce ki jira, yau ƙaro ne, gobe wurin za a tambaya. To ga shi. Taswira! Ke yarinya ce, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na ga masu awon ƙasa da idona. Duk gonar da suka kafa ƙarfensu mai ƙafa uku a ciki, ba ta ƙara shekara biyu a hannun mai ita ba. Da murmushi suke zuwa, su sha ruwanka, su tambayi lafiyar iyalinka.

Kin ce ya faɗi sunanki a taro. To Tsaunin fa, ya faɗa? In ya faɗa, mutum nawa suka rubuta a takardunsu? Ko ma mene ne na'urarku ta gani, ba na Bature ba ne, kuma ba na sayarwa ba ne.

In rabon uwarki kike so a cikin itatuwan nan, ki zo ki faɗa a gaban dangi da rana tsaka, ba wanda zai hana ki. Amma kada ki biyo mini ta bayan gida da maganar haske da maganaɗisu. Ban ce kin san abin da ake shiryawa ba. Wataƙila ke ma amfani ake yi da ke, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Ba zan aiko da ƙari ba, wayar Ladi kuma ba za ta je Tsauni ba.

Illa

*

Faransa, 24 ga Mayu 2022

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina yi muku barka da salla, ko da yake ta wuce. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lau, amma hankalina ba ya tare da ni.

Zan fara da laifina. Da ka hana, sai na kira Hanifa ɗiyar ƙanenka da ke aure a Tsauni, ta ciro mini daga itatuwa shidan nan ta aiko. Alamar wurin ban karɓa ba, na bar maka wannan. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Kawu, na Hanifa bai nuna komai ba. Ƙaro ne kamar na kanti. Farfesa ya gwada da kansa sau biyar. Daga nan ya ɗauki ragowar naka ya kai wani labo aka bincika, aka ce akwai ƙarfe a cikinsa, narkakke, mai laushin da matata ba ta kama shi. Ƙarfen ne yake bin maganaɗisu, ba ƙaron ba. Kuma itace ba ya zuba ƙarfe haka, wani ne ya sa.

Ka san wanda ake zargi? Ni. Ana cewa na zuba ne don in yi suna. Mutumin da ya faɗi sunana a taro yanzu ba ya kallon idona. An karɓe mabuɗin labo daga hannuna. Kwamiti zai zauna a kaina ranar 20 ga Yuni. In suka ce ni ce, an kore ni ke nan, kuma babu labon da zai sake karɓata ko a ina, don irin wannan tabon ba ya fita.

Cikin ruɗewa na tsare Anisa a gaban mutane na ce ita ce, don ita kaɗai ta san inda nake ajiya. Ta yi kuka ta rantse. Yanzu ban san wa zan zarga ba.

Shi ya sa nake tambayarka, kuma ka yafe mini. A me ka zuba ƙaron nan? Gwangwani ne? Tukunya mai tsatsa? Ko kuwa, Kawu, tunda tun farko kana ganin itatuwa na zo ƙwacewa, da gangan aka sa wani abu don aikin ya lalace? Na karanta takardarka ta farko ya fi sau ashirin. Me kake nufi da ka shirya shi?

Najaha

*

Matamaye, 30 ga Mayu 2022

Najaha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi ruwan shuka jiya.

Ashe haka kika ɗauke ni? Ni Illa zan zuba wa ɗiyar Ummu Salma ƙarfe a kaya? Haba! Kin zagaye ni kin je wurin Hanifa, ban ce komai ba, yanzu kuma ni ne mugun.

To ki ji. Da hannu na ciro shi, ko wuƙa ban sa ba. A sabuwar ƙwarya na zuba, a sabuwar tabarma na shanya, a farin ƙyalle na ƙulle. Wallahi ƙarfe bai taɓa shi ba a gidan nan. Ki nemi mai ƙarfenki a can inda ƙarfe ya cika ɗaki. Ba ki yi tunanin Baturen naki ne ya ga abin yana da daraja, yake son ya ture ki ya ci shi kaɗai ba? Ni tun farko ban yarda da shi ba.

Illa

*

Faransa, 10 ga Yuni 2022

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Allah ya ba da damina mai albarka.

Na ji rantsuwarka, na kuma yarda. Ka yafe mini abin da na rubuta. Farfesa ba shi ba ne, shi ma sunansa ya ɓaci a wurin abokan aikinsa, sai ya fito ya janye maganar da ya yi a taro.

Saura kwana goma, kuma ba ni da abin da zan faɗa musu. Ina zama ina lissafa duk abin da na yi tun Disamba. Kwalba arba'in da uku na narka daga ƙaronka. Kowace in na gama awo sai in tuttular da ruwan a magudanar wanke-wanke, in ɗauraye kwalbar sau uku, in kife. Ban tsallake ko ɗaya ba. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba, shi ma yana wurin kwamiti a kulle.

Na fara haɗa kayana. Abin da ya fi yi mini ciwo ba korar ba ce. Zan dawo gida da sunan maƙaryaciya, alhali ban san abin da na yi ba. Ka ce wa Inna Ladi ta sa ni a addu'a.

Najaha

*

Matamaye, 16 ga Yuni 2022

Ɗiyata Najaha,

Wa alaikumus salam. Jikinmu lafiya. Ni dai kwana biyar ke nan abinci ba ya wuce mini.

Kin ce a magudana kike zubarwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Najaha, ayoyin Allah ne kika zubar, kuma ba laifinki ba ne, nawa ne.

Ga abin da na ɓoye miki. Da na dawo da ƙaron daga Tsauni, na je wurin Malam Lawwali na unguwarmu, ya rubuta ayoyin tsari a allo uku ya wanke. Na yayyafa rubutun a kan ƙaron, na shanya, na sake yayyafawa, har kwana uku. Na ce tunda kullum hannunki yana cikinsa, tsarin zai bi ki, duk wanda ya nufe ki da sharri a can ya koma masa. Haka aka yi wa guzurina da zan fara zuwa cin rani Kano, haka aka yi wa na uwarki da za ta lakwal, karatun boko, a Yamai. Kin ce kada a haɗa shi da komai, ni kuwa ban lissafa rubutu cikin komai ba. Ban gaya miki ba don na san ku 'yan boko, sai ki ce camfi ne ki wanke. Da kika rubuto cewa na'ura ta ga abin mamaki, a raina na ce ayar Allah ce ta gani, na yi shiru ina jin daɗi.

Da takardarki ta zo, na ɗingisa zuwa wurin Malam in tambayi hukuncin abin da aka zubar. Na tarar da shi yana haɗa tawada. Najaha, ina tsaye ina kallo ya buɗe tulun da yake jiƙa bagaruwa, ya sa hannu ya kwaso tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, cike da tafi. Na ce Malam, mene ne wannan? Ya ce haka mahaifinsa ya koya a wurin dukawa, tsatsar ce ke sa tawada ta yi baƙi ƙirin ba ta koɗewa. Nan take na zauna a ƙasa.

Na rantse miki ƙarfe bai taɓa shi ba, ashe da hannuna na yayyafa. Na zargi Baturenki, na zarge ki, na sa kin zargi baiwar Allah. Kunya ta ishe ni.

Yau da safe na je bakin meri, ofishin magajin gari, Iliyasu mai rubuta takardu ya juya maganata zuwa Faransanci, na sa hannu, Malam ya sa, aka buga hatimi. Ga hotonta nan. Kwalbar tawadar kuma Alhaji Cha'ibu ya tafi da ita laposti. Ki karanta musu duka, kada ki rage komai don ki rufa mini asiri. In dariya za su yi, ni za su yi wa.

Malam ya ce wanda aka zubar cikin rashin sani babu laifi a kanki. Amma ragowar, don girman Allah kada ta bi magudana. A sha, ko a zuba a gindin itace.

Kawunki mai neman gafararki,
Illa

*

Faransa, 19 ga Yuli 2022

Kawu Illa,

Assalamu alaikum. Barkanmu da layya. Ina fatan kai da Inna Ladi kuna lafiya, kuma ka koma cin abinci. Na san wata guda kana jiran amsa. Na kasa rubutawa ne, duk lokacin da na ɗauki biro sai haushi ya sa in ajiye.

Ranar 20 na tsaya a gaban mutum biyar na karanta takardarka daga sama har ƙasa. Da na zo wurin allo uku, ɗaya daga cikinsu ya rufe baki da hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ci gaba. Ba su yarda nan take ba, wani ma ya ce labari ne muka shirya da dangi. Suka ce a jira tawadar.

Ta iso makon jiya. Farfesa ne ya yi gwajin da kansa, ni ina bakin ƙofa. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan ƙaron kanti, ya tace, ya kunna maganaɗisu. Lambar ta yi tsallen nan dai da na sani.

An wanke ni, Kawu. An mayar mini da mabuɗi. Amma aikin wata bakwai ya tafi, an rubuta a takardata cewa na yi gaggawa ban binciki samfur ba, kuma gaskiya ne. Anisa ta sa an canja mata tebur. Na ba ta haƙuri sau uku, ta ce ta ji, ba ta ce ta yafe ba.

Kafin a tashi, shugabar kwamitin ta tambaye ni, wai me ya sa dattijo mai ilimi zai yi haka. Na ce mata, tsoronku yake ji, yana ganin za ku cuce ni, kuma ba shi da wata hanyar da zai tsaya mini daga can. Babu wanda ya yi dariya a wannan.

Na roƙi ragowar ƙaron, suka ba ni bayan na sa hannu a takarda. Yau bayan sallar asuba na jiƙa shi a kofi, na yi bismilla na shanye. Ɗaci ne da shi, Kawu, kuma har yanzu fushi nake da kai.

Ɗiyarka,
Najaha